Tallafin taki: ka nema, amma kada shukarka ta jira shi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da 'yar gonar masara a wajen Fitowa, arewacin Kamaru, ka ji gwamnati na rage kuɗin taki da iri, kana tambaya ta ina ake samu, kuma ko ka dakata da shuka har ya zo. Na daɗe ina noma masara da auduga a yankin Garwa, ga abin da na gani.

Tallafin gaskiya ne. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabi, sai gwamnati ta kawo shirin tallafa wa noma mai suna PARPAC da kuɗin Bankin Raya Afirka, ta hannun ma'aikatar noma. Amma ragin kuɗin taki ake yi maka, ba kyauta ba ce. Kaso mafi yawa daga aljihunka zai fito, don haka ka tanadi kuɗinka tun rani.

Hanyar kuwa ƙungiya ce. Da wuya a kula manomi shi kaɗai. Ka shiga GIC, wato ƙaramar ƙungiyar manoma, ko kofaratif mai takardu, ku je wurin malamin gona na yankinku da katin shaida, a rubuta sunanka da girman gonarka. Ku yi wannan tun Fabrairu ko Maris. Wanda ya tashi nema bayan ruwan farko, yana iya tarar da an rufe rajista. Mu masu auduga hanyarmu daban ce: muna karɓar taki da magani bashi ta ƙungiyoyinmu da ke aiki da Sodecoton, kamfanin auduga, a cire idan an auna auduga. Sai dai bashin na lamunin juna ne, mutum ɗaya ya kasa biya, 'yan rukuninsa ne za su ɗauka. Ka duba da wa za ka haɗa kai.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, wato maganar jira. Kada ka jira. Takin zamani da muke sawa yawancinsa daga waje yake zuwa, a sauke a tashar Duwala, jirgin ƙasa ya kai Ngaundere, manyan motoci su hauro da shi nan. Kowace gaɓa tana iya cin makonni, ga kuma takardun ofis. Damina tamu gajera ce. Masara tana son takin NPK wajen shuka ko mako 2 bayan tsiro, yuriya kuma kamar mako 4 zuwa 6, lokacin da ta kai gwiwa. Idan buhu ya iso bayan ta fitar da bunu, ragin da aka yi maka ya tashi a banza, don yabanya ta riga ta yi ja. Wata shekara haka muka gani a ƙauyenmu: waɗanda suka sayi rabin buhu a kasuwa suka sa a kan kari sun fi masu jiran buhu biyu na tallafi cika rumbu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin talakawa ne suka jira, su ne ba su da na saye.

Ni shawarata, ka sayi ɗan NPK da kuɗinka na zubin farko, in na tallafi ya zo da wuri ka yi zubi na biyu da shi. In ya makara, ka ɗora buhun a kan katako a ɗaki marar laima, ya kai baɗi. Kuma ka kai takin shanu gona tun kafin ruwa. Ƙasar da ta gaji, wuta-wuta ta kama ta, takin buhu kaɗai ba ya tayar da ita.

Iri kuma, ka tambayi sunansa kafin ka karɓa. Irin cibiyar binciken noma ta IRAD mai saurin nuna kamar CMS 9015 ya dace da mu, kana iya ɗibar iri daga amfanin gonarka ka sake shukawa shekara 2 ko 3. Irin aure kuwa, wato wanda aka haɗa daga iri biyu ake kawowa a leda, sai ka sake saye kowace shekara. Kafin ka shuka, ka jera ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki ka ga nawa za su tsiro.

Don Allah in buhun ya shigo hannunka kada ka sayar wa 'yan kasuwa saboda ƙaramar riba, su ne za su dawo maka da shi da tsada a watan Yuli. Allah ya ba mu damina mai albarka.