Tambaya da Amsa: Mu malaman jinya muna son haɗa ƙungiyar bincike, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma. Tun da aka mayar da makarantarmu kwaleji aka ce mana yawan shekarun aiki kaɗai ba zai ƙara ba mutum ƙarin girma ba, sai ya nuna maƙalun da ya wallafa. Mu kuwa yawancinmu daga asibiti muka fito, rabonmu da bincike tun furojet ɗin kammala karatu. Bara mun buɗe zauren WhatsApp don bincike, kusan duk malamai suka shiga, yanzu ba abin da ake turawa sai sanarwar biki da ta'aziyya. Wata abokiyar aikina ta kawo shawarar mu haɗu mu biyar, kowa ta rubuta maƙala ɗaya ta sa sunan sauran, a shekara kowa ta tashi da biyar. Mene ne shawararki? Daga wata malama, Jihar Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa aikinku albarka.

Shawarar abokiyar aikinki zan fara taɓawa, don ita ce ta fi damuna. Kada ki shiga. Adashin sunaye ne wannan, na kuma san ya yaɗu a makarantunmu har wasu sun daina ganin aibinsa. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani zama da aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada a 1978, ya ajiye sharuɗɗa huɗu kafin sunan mutum ya hau maƙala. Sai ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su. Sai ya yi rubutun ko ya yi masa gyara mai ma'ana. Sai ya amince da abin da za a buga. Na huɗun kuwa, ya yarda a tuhume shi idan aka sami matsala a cikin aikin. Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe. Idan ƙawarki ta ƙirƙiro alƙaluma a ɗakinta don ta cika alƙawarin da ta yi muku, sunanki yana kai, ba kuma za ki iya cewa ba ki sani ba. Kuma ke ce gobe za ki tsaya a gaban ɗalibai ki ce musu haramun ne nas ta rubuta awon jinin da ba ta yi ba.

Zauren WhatsApp ɗinku kuwa ba lalaci ne ya kashe shi ba. Kun tara mutane ne kafin ku sami tambayar da za ta tara su. “Bincike” ba batu ba ne da mutum zai bar girkin gidansa ya zo dominsa. Amma ki ce, me ya sa ɗalibanmu suke cin jarrabawar cike takardar bibiyar naƙuda a aji, idan sun je ɗakin haihuwa sai su bar ta fayau ko su cike ta bayan an haihu, za ki ga malaman ungozoma uku ko huɗu sun miƙe zaune, don abin ya daɗe yana ci musu rai. Su ne ƙungiyarki.

Irin wannan tsari ba sabo ba ne. A Jami'ar Mayami da ke Jihar Ohayo ta Amurka, wani malamin lissafi mai suna Milton Cox ya fara shi a 1979: malamai kamar takwas zuwa goma sha biyu su haɗu don raɗin kansu a kan batu ɗaya na koyarwa, su riƙa zama a kai a kai tsawon shekara, a ƙarshe su fito da wani abu da za su nuna wa sauran. Makarantun jinya da dama a can sun ɗauki salon, wasu ƙungiyoyin a kan koyarwa da mutum-mutumin gwaji, wasu a kan tsara tambayoyin jarrabawa. A makarantarku, inda malamai ba su da yawa kuma kowa aji ya yi mata katutu, ni dai a ganina huɗu zuwa shida sun isa. Idan suka fi haka, biyu ne za su yi aikin, sauran su riƙa turo uzuri.

Na kuma ji ƙanƙantar da kai a cikin wasiƙarki, inda kika ce daga asibiti kuka fito. Malama, wannan shi ne jarinku. A 1990 Ernest Boyer na Gidauniyar Carnegie mai bunƙasa koyarwa a Amurka ya fitar da wani rahoto da ya sauya yadda jami'o'i suke kallon aikin malami. Ya ce aikin ilimi ba gano sabon abu ba ne kaɗai. Haɗa abin da aka riga aka gano wuri ɗaya don a ga ma'anarsa aikin ilimi ne, amfani da shi wajen warware matsalar jama'a ma haka, nazarin yadda ake koyarwa ma haka. A 1999 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta ɗauki wannan ra'ayi ta ɗora shi a kan sana'armu. Wato idan kika sauya yadda kike koyar da ba da maganin jijjigar masu ciki, kika auna ɗalibai kafin da bayan sauyin, kika rubuta abin da kika gani yadda wata malama a Gusau za ta iya gwadawa, kin yi aikin da ya cancanci a buga.

Tambayoyin da ke gabanku ma sun fi ƙarfin ƙungiya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jagoran kula da naƙuda a 2020, shin abin da kuke koyarwa ya dace da takardar da ɗalibai suke tararwa a asibiti? Muna koyar da yara da Turanci, su kuwa da Hausa za su yi wa mai ciwon suga bayanin abinci, su yi wa mijin mai naƙuda bayanin dalilin tiyata, kuma ba kasafai ake gwada su a wannan ba. Ga ku a Katsina, asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga yana kusa da ku, me ɗalibar da ta yi zaman koyon aiki a can take fitowa da shi wanda wadda ba ta je ba ta rasa? Ku zaɓi ɗaya tak, ku bar sauran sai wata shekara.

To yadda za ku tafiyar da zaman. Ku tsayar da rana da lokaci a cikin sa'o'in aiki, kamar duk mako biyu, ku sa shugabar makaranta ta amince a rubuce don kada a riƙa dasa muku wani taro a kai. Kada ku sa shi da yamma ko ranar Asabar, matan aure masu yara za su zame ɗaya bayan ɗaya, ba kuma laifinsu ba ne. Kowane zama ya ƙare da sunan wadda za ta kawo abu kaza a zama na gaba. Wani lokacin ma ba sai an yi magana ba, a zauna awa ɗaya kowa ta buɗe kwamfutarta ta yi rubutu, wayoyi a kashe. A wata makaranta da na koyar, wannan zaman shirun ne ya fitar da rubutun da aka shekara ana cewa za a yi.

A zaman farko, kafin a tattara ko bayani ɗaya, ku rubuta wa za ta yi me, da yadda sunaye za su jeru. Na san da nauyi a faɗa wa babbar malama cewa sunan ƙaramar da ta fi yin aiki ne zai zo farko, amma faɗar haka a ranar farko ya fi sauƙi a kan faɗarsa bayan an gama. Zumunci da yawa ya lalace a wannan gaɓar.

Kada ku raba takardar tambayoyi ko ku buɗe fayil ɗin mara lafiya sai kun sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Mujallar kirki ba za ta karɓi aikinku ba tare da shi ba. Idan ɗalibanku ne za ku yi binciken a kansu, kada malamar da ke ba su maki ta zama mai karɓar amincewarsu, don yarinya ba za ta iya ce wa malamarta a'a ba.

Ku jawo sista ɗaya daga ɗakin da binciken ya shafa ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya, ba mai raba muku takardu ba. Ku kuma nemi malami ɗaya daga sashen jinya na jami'a, ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wanda ya saba da lissafin alƙaluma. Malaman jami'o'in gwamnati suna da damar neman kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ku kuma kuna da ɗalibai da ɗakunan asibiti da suke buƙata.

Maganar mujalla a taƙaice: duk wadda ta turo miki saƙon imel tana yabonki, ta ce ki biya kuɗi a buga miki cikin mako guda, ki guje ta. Ki duba rumbun AJOL na mujallun Afirka da rumbun PubMed na mujallun lafiya, ki ga inda masu irin tambayarki suke bugawa. Idan masu tantancewa suka dawo muku da aikin cike da gyara, haka ake yi wa kowa, ku zauna tare ku amsa ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Hajiya, ni ne shugaban wani sashe a makarantar jinya. Ya dace in shiga irin wannan ƙungiya da malaman da ke ƙarƙashina? Daga wani malami, Jihar Bauchi.

AMSA: Ranka ya daɗe, ka shiga idan tambayar da suke bi ta dame ka kuma za ka ɗauki kasonka na aikin kamar kowa, amma kada ka shugabance ta. Ƙaramar malama ba za ta nuna rubutunta mai kurakurai a gaban wanda zai cike mata takardar ƙarin girma ba, sai ta yi shiru. Abin da suka fi buƙata a wurinka shi ne ka rage musu awa biyu a jadawalin koyarwa, ka ba su ɗaki mai wuta, ka sa hannu a takardar neman izininsu da wuri. Sa hannun nan kuwa ba ya cikin sharuɗɗa huɗun da na lissafa wa malamar Katsina, don haka idan suka zo da sunanka a kan maƙalar da ba ka yi aiki a cikinta ba, ka ce su cire shi su mayar da shi wurin godiya.