Mai siddabarun da muka kira bikin Sallar yara

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Ka tambaya ko da gaske ne mu Hausawan Landan har boka muke ɗaukowa wajen bikin yara, saboda bidiyon da aka turo maka. Ban ga laifinka ba. A gida mai wasa da kura ko ɗan tauri yana gama nuna bajinta sai ya buɗe jaka ya fara sayar da laya da guru, yana cewa a nan asirin yake. Wanda ya tashi yana ganin haka dole ya zargi duk mai ɓatar da abu a gaban jama'a.

Mutumin da muka kira, kafin ya fara sai da ya faɗa wa yara cewa duk abin da za su gani dabara ce. Ƙyallen nan da ya cusa a dunƙulen hannunsa ya ɓace, cikin wani ƙoƙon roba mai siffar babban yatsa ya tura shi, ya zura yatsansa a ciki, sannan ya buɗe hannu. A kanti ake sayar da robar. Kwabon kuwa, hannun dama ne yake yin kamar ya ɗauka, alhali ya bar shi ya zame cikin tafin hagu. Idonka yana bin daman ne domin shi ma can ya zuba nasa idon. Yaranmu da dama sun iya wannan, a intanet suka koya.

A nan sana'a ce da aka sani. Suna da ƙungiya mai suna Magic Circle tun 1905, ofishinta kusa da tashar Euston, kuma sai an gwada gwanintar mutum kafin a karɓe shi. Sarki Charles ma ya shiga a 1975, lokacin yana yarima, bayan ya yi wasan kofuna da ƙwallaye. Sirrin da suke ɓoyewa na yadda ake dabarar ne, ba na wani aljani ba.

Bokaye kuma akwai su a Ingila, kada ka zaci babu, kuma su ne suke tayar mana da hankali. A bakin tashar jirgin ƙasa za a miƙo maka 'yar takarda: za a dawo da miji, za a karya sammu, za a ci shari'a. Wanda ya je, sunan mahaifiyarsa za a fara tambaya, sai a ce ya kawo tufafin da ya sa ko gashinsa, sai kuɗin yanka, sannan a ja masa kunne kada ya gaya wa kowa. Galibi matan da aurensu ya rikice da masu matsalar takardar zama ne ke faɗawa hannunsu. Imani ya tafi, kuɗi ya tafi, kunya kuma ta hana mutum kai ƙara. Wannan kam babu gidan Bahaushe a nan da yake masa sassauci.

Amma ba zan ce maka bakinmu ɗaya a kan siddabarun ba. Wasu malamanmu suna cewa matsafan Fir'auna ma idanun mutane suka rufe da igiyoyi da sanduna, don haka a guje shi duka. Wasu suna cewa muddin mai yin ya bayyana dabara ce, bai raya sanin gaibu ba, bai kira wanin Allah ba, to wasa ne. Ni ina tare da na biyun, domin na fi son ɗana ya san yadda ake yaudarar ido tun yana ƙarami. Shi ya sa a sanarwar biki muke rubuta lokacin da mai wasan zai zo, iyalan da ba sa so su iso bayan ya tashi, kuma ba mai yi wa wani gori.

A gaida Hajiya da yara.