Shin Maganin Ɗigawa Na Gwajin Ido Yana Kawo Hawan Jinin Ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake rubutowa a yankin Ringim. Mun kai Inna gwajin ido na kyauta, aka ɗiga mata magani aka ce ta jira. Da muka fito ko ɗaga ido ba ta iya yi a rana, da mayafi ta rufe fuska har gida, ranar ko tsintar shinkafa ta kasa. Washegari ta ware. To maƙwabciyarmu ta ce maganin ne ke kawo hawan jinin ido, Inna kuwa ta ce ita da asibiti har abada, alhali an ba mu takarda mu je Kano. Mece ce gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Abin da ya same ta aikin maganin ke nan. Yana faɗaɗa ɗan ɗigon nan da ke tsakiyar baƙin ido, wanda haske ke shiga ta cikinsa, don mu hango jijiyar gani a can ciki. Wanda aka fi ɗigawa, tropicamide, yakan saki ido cikin awa 4 zuwa 6, wani lokaci ya kwana. Atropine kuwa yakan kai mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a gwajin manya da shi.

Maganar maƙwabciyarku tana da ɗan tushe, sai dai ta yi wa kowa kuɗin goro. A cikin ido akwai ruwan da ke ɓuɓɓugowa kullum yana ficewa ta wata 'yar kafa a gefen baƙin ido. Wasu an halicce su kafar tasu a matse, musamman tsofaffi mata da masu wahalar ganin kusa tun ƙuruciya. In aka faɗaɗa irin wannan ido, fatar baƙin tana tattarewa gefe ta toshe kafar, kamar a naɗe tabarma a jingine ta bakin rariya ana tsaka da ruwan sama. Sai ƙarfin ruwan ya hau, wannan nau'i ɗaya ke nan na hawan jinin ido. Ba ya ɓoyuwa: ido ya yi jawur yana azabar ciwo, kai ya sara, a yi ta amai, a ga bakan gizo kewaye da fitila. Yakan zo bayan 'yan awanni, an riga an koma gida. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, a nemi mota ko babur, domin jijiyar gani in ta mutu ba ta dawowa. Amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa yakan haska ido daga gefe kafin ya ɗiga. Inna ba ta yi ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomin ba.

Wanda ya fi cin idon mutanenmu ɗaya nau'in ne, mai shigowa shiru babu ciwo, yana zaftare gani daga gefe har sai mutum ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa. Maganin gwaji ba ya haddasa shi, hasali ma da shi ake gano shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido a Najeriya, galibinsu ba su sani ba.

Ni da za a tambaye ni, kwalbar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta kemis da ta 'yan tebur ranar kasuwa, mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone. Tana kashe ƙaiƙayi da ja nan da nan, mutum ya ji daɗi ya yi wata da watanni yana ɗigawa, ƙarfin ruwan yana hawa bai sani ba. Ki duba ko Inna na da irinta a cikin kwalla.

Takardar nan kada ta tsufa a ƙarƙashin katifa. Ku je asibitin ido na ECWA ko na koyarwa na Aminu Kano, ku riƙe duk magungunan da take sha ko ɗigawa, har na mura da na ciwon ciki, don wasunsu ma suna faɗaɗa ido. In aka tabbatar tana da hawan jinin ido, ku 'ya'yanta da ƙannenta duk ku je a auna ku, domin yana bin jini.