An fallasa cewa Amurka na sauraron wayar ƙawayenta, me ya hana a raba gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne, ina koyar da darasin gwamnati a makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya tambaye ni: tun 2013 Edward Snowden ya tona cewa Amurka na leƙen asirin har da ƙawayenta irin su Jamus, amma har yau suna tare a ƙungiyar NATO kamar ba a yi komai ba. Shin wannan tonon sililin ya canza wani abu, ko hayaniya ce kawai ta tashi ta kwanta? Kuma mu a Afirka, ina ruwanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa ɗalibin nan albarka, don ya taɓo inda maganar take. Tonon asirin ya canza abubuwa, amma ba a fadar shugabanni ba. Canjin ya fito ne daga kotuna da kuma masu ƙera manhajoji. Shugabannin da suka fi kowa ɗaga murya su ne suka fi kowa saurin yin shiru.

A watan Yunin 2013 jaridun Guardian da Washington Post suka fara buga takardun da Snowden ya kwaso daga hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, inda yake aikin kwantiragi. Ta farko umarnin wata kotun sirri ne da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa bayanan kiran abokan hulɗarsa kowace rana. Sai shirin PRISM, wanda ta hanyarsa ake karɓar bayanai daga kamfanoni irin su Google, Facebook da Microsoft. Sai Tempora na GCHQ, takwarar NSA a Birtaniya, mai tatsar bayanai daga manyan wayoyin intanet da ke bi ta ƙarƙashin teku. Wata uku kafin nan, shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka James Clapper ya shaida wa majalisar dattawa cewa NSA ba ta tattara bayanan miliyoyin Amurkawa da gangan. Takardun suka ƙaryata shi.

Kada ɗalibanka su raina abin da ake kira bayanan kira. Ba muryarka ake naɗa ba. Lambar da ka kira ce, da lokacin, da minti nawa kuka yi, wani lokaci har da inda kake tsaye. A ce wani ma'aikaci ya kira lauya da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, washegari ya kira ɗan jarida sau uku, bayan kwana biyu labarin almundahana a ofishinsu ya fito a jarida. Ba sai an ji kalma ɗaya daga bakinsa ba, an riga an san shi ne. Tsohon shugaban NSA da CIA, Janar Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin waɗannan bayanan suke kashe mutane.

To, batun ƙawaye. A watan Oktoban 2013 aka ba da rahoton cewa NSA ta sa ido kan wayar hannun shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel. Ta kira Barack Obama, ta kuma ce leƙen asiri tsakanin abokai abu ne da sam bai dace ba. Jamus ta nemi a ƙulla yarjejeniyar daina leƙen asirin juna, Amurka ba ta ba ta ba. Babban mai gabatar da ƙara na Jamus ya buɗe bincike a 2014, ya rufe a 2015 bisa cewa ba shi da hujjar da za ta tsaya a kotu. A wannan shekarar kuma aka gano cewa hukumar leƙen asirin Jamus ɗin kanta, BND, ta taimaka wa NSA wajen sa ido kan jami'ai da kamfanoni a Turai. Gwano ba ya jin warin jikinsa. A 2021 kuma gidan rediyo da talabijin na Denmark ya bankaɗo cewa ta wayoyin ƙasarsu aka bi wajen sauraron Merkel, da haɗin bakin jami'an ƙasar.

Shugabar Brazil Dilma Rousseff ta fasa ziyarar da za ta kai Washington a 2013, amma ta je a 2015. Indonesiya ta janye jakadanta daga Ostireliya saboda an yi yunƙurin sauraron wayar Shugaba Yudhoyono da matarsa, kafin shekara ta zagayo sun sasanta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand suna da ƙawancen musayar bayanan sirri da ya samo asali tun bayan yaƙin duniya na biyu. Sauran ƙasashen Turai ba sa ciki, amma suna dogara da abin da ake sammusu, musamman kan ta'addanci. Ƙasar da ke jiran a sanar da ita cewa ana shirin kai mata hari ba za ta rufe ƙofar da saƙon ke shigowa ba. Fushin da shugaba ke nunawa gaban kyamara yawanci don 'yan ƙasarsa ne su ga bai yi shiru ba. Abin da ya faru da Evo Morales, shugaban Bolibiya na lokacin, ya isa shaida. A farkon watan Yulin 2013, yana dawowa daga Mosko, aka yi zargin Snowden na cikin jirginsa. Ƙasashen Turai, ciki har da Faransa da Portugal, suka hana jirgin ratsa sararin samaniyarsu, shugaban Bolibiya guda ya kwana a filin jirgin Vienna. Snowden ba ya ciki. Ƙasashen da ke kukan an cuce su, su ne suka taya farautar wanda ya faɗa musu an cuce su. Wannan abin har yau yana yi mini ciwo, domin ba na jin za a yi wa shugaban wata babbar ƙasa haka.

Inda aka ga canji na gaske shi ne a kotu. A watan Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce tattara bayanan kiran jama'a gaba ɗaya ya saɓa wa doka, wata guda bayan haka majalisa ta taƙaita shi da sabuwar doka. A Turai kuma wani matashi ɗan Ostiriya mai karatun shari'a, Max Schrems, ya kai ƙara cewa Facebook na kwasar bayanansa zuwa ƙasar da ba za ta kare su ba. Kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin Turai da Amurka a 2015, ta sake soke wadda aka maye gurbinta da ita a 2020. A 2023 aka ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 a kan wannan batun. Abin da Merkel ta kasa samu, ɗalibi ya samu. Su ma kamfanoni, don tsoron rasa masu hulɗa da su, suka rungumi kulle saƙonni. Tun Afrilun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya. Duk mai aika saƙon murya a Kano ko Maraɗi yana cin gajiyar wannan, ko bai taɓa jin sunan Snowden ba.

Sai dai da aka kulle hanya, sai masu leƙe suka koma shiga wayar kanta. Binciken 'yan jarida na 2021 kan manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ya fito da jerin lambobin waya sama da 50,000 da ake zargin an so a yi wa kutse, har da ta Shugaba Macron na Faransa. An zargi Maroko, ta musanta. Yanzu leƙen asiri ya zama haja, ƙasar da ke da kuɗi za ta saya. A Afrilun 2023 kuma takardun da wani matashin sojan saman Amurka, Jack Teixeira, ya watsa a dandalin hira na Discord suka nuna Amurka na sauraron jami'an Koriya ta Kudu kan batun makaman Yukren. Cikin wannan watan na Afrilu shugaban Koriyar ya kai ziyarar ƙasa Washington. Shi kuwa Teixeira aka ɗaure shi shekara 15. A 2024 majalisar Amurka ta sabunta sashe na 702 na dokar leƙen asirin ƙasashen waje, wanda PRISM ke aiki a ƙarƙashinsa.

Batun Afirka shi na fi so ka tsaya a kai da ɗalibanka, kuma labarin ya girmi Snowden. A farkon 2003 Amurka da Birtaniya na neman ƙuri'u tara a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya don halatta yaƙin Iraƙi. Wata mai fassara a GCHQ, Katharine Gun, ta ga saƙo daga NSA ana neman a taya sauraron wayoyin wakilan ƙasashen da ba su yanke shawara ba. Cikinsu akwai Kamaru, Gini da Angola. Ana so a san abin da kowa ke tunani da inda za a matsa masa. Ta fitar da saƙon, jaridar Observer ta buga a watan Maris. Ba a samu ƙuri'un ba, aka janye ƙudurin, aka tafi yaƙin ba tare da shi ba. An gurfanar da ita, amma a Fabrairun 2004 gwamnati ta janye ƙarar. Idan an saurari Jamus, tana da kotuna da majalisa da ƙarfin kasuwa da za ta ja daga. Idan an saurari wakilin ƙaramar ƙasa mai bashi a wuya, ƙuri'arsa ake nema a lanƙwasa.

Kuma ba Yammacin duniya kaɗai ake zargi ba. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta ruwaito cewa shekaru ana kwasar bayanai da dare daga hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, ginin da Sin ta gina kyauta, zuwa Shanghai. Sin ta musanta.

Akwai kuma na cikin gida. Rahoton cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto a 2020 ya sa Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kira. Ƙasar da ke fama da masu garkuwa da mutane tana da hujjar bin sawun waya, ban musa ba. Damuwata ita ce wa ke ba da izini, wa kuma ke dubawa kada na'urar da aka saya don ɗan bindiga ta koma kan ɗan jarida ko ɗan adawa. Ka buɗe wa ɗalibanka sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, ka haɗa musu da sashe na 45 da ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙin saboda tsaro. Ka bar su su yi muhawara kan wanda ya kamata ya riƙe alƙalanci tsakanin sassan biyu.