Shin Da Gaske Jimmy Carter Injiniya Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Edita. Lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya rasu na ji ana kiransa injiniya, alhali ni manomin gyaɗa kuma ɗan siyasa na san shi. Don Allah mene ne gaskiyar maganar, kuma wane aikin sa kai ne ya sa ake yabonsa haka? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, mun gode da wannan tambaya. Maganar tana da tushe. An haifi Carter a ranar 1 ga Oktoba, 1924, a garin Plains na jihar Jojiya, ya kuma rasu a ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. Ya kammala kwalejin sojan ruwa ta Amurka a 1946 da digirin kimiyya, daga baya aka zaɓe shi cikin jami'an da Admiral Hyman Rickover ya horar domin ƙera jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya. Noman gyaɗar da kake magana ya biyo baya ne a 1953, lokacin da mahaifinsa ya rasu, ya bar aikin soja ya koma gida ya riƙe gonar iyali.

A watan Disamba na 1952 tukunyar nukiliya ta Chalk River da ke Kanada, wato na'urar da ke samar da makamashin nukiliya, ta yi hatsari, kuma Carter, yana ɗan shekara 28, ya jagoranci wata tawaga cikin waɗanda aka tura domin kwance ta. Saboda tsananin tururin guba, ba a yarda mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki ba, don haka sai suka haɗa kwatankwacin tukunyar a waje, kowa ya maimaita noti da ƙusar da zai kwance har hannunsa ya saba, sannan ya sauka ya yi aikinsa ya fito.

A ganina, wannan tarbiyya ta auna matsala kafin a tunkare ta ita ce ta bayyana a aikinsa na sa kai bayan ya bar mulki a 1981. Shi da matarsa Rosalynn sun kafa Cibiyar Carter a 1982, kuma a 1986 cibiyar ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar kurkunu, wadda a lokacin aka ƙiyasta tana kama mutum miliyan 3.5 a shekara a Afirka da Asiya. Cutar ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Mutum yana shan ƙwayar tsutsar a ruwan tafki, bayan kamar shekara guda ta fasa fata, galibi a ƙafa, tsawonta na iya kai mita ɗaya, sai an riƙa naɗe ta a ɗan tsinke a hankali na tsawon makonni. Idan mai cutar ya tsoma ƙafarsa a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta sake zuba 'ya'yanta. Abin da aka yi shi ne katse wannan zagaye: a tace ruwa da ƙyalle, a hana masu cutar shiga tafki, a zuba maganin kashe ƙananan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da ƙwayar tsutsar, sannan 'yan sa kai na ƙauyuka su ƙirga duk wanda ya kamu. Janar Yakubu Gowon ya ba da gudummawa sosai a wannan yaƙi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Ɓangare na biyu shi ne ginin gidaje ga marasa ƙarfi tare da ƙungiyar Habitat for Humanity, wanda ya fara a 1984. Ba zuwa yanke ƙyalle yake yi ba. Kafinta ne na gaske, da guduma da zarto yake wuni. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki a goshi, amma ya halarci aikin gini a birnin Nashville da ido a kumbure.

An ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2002. Ya taɓa bayyana burinsa na ganin kurkunu ta ƙarshe ta mutu kafin shi, kuma saura ƙiris burin ya cika, domin mutum 14 kaɗai aka samu da cutar a duniya a 2023. Abin da ke jinkirta aikin yanzu shi ne yadda tsutsar ke kama karnuka, a ƙasashe irin su Chadi.