Cikina wata shida, amma ban ji na shaƙu da abin da ke ciki ba

Tambaya: Salamu alaikum likita. Cikin fari gare ni, wata shida. Ƙawayena na cewa suna hira da 'ya'yansu tun suna ciki, ni kuwa ban da laulayi da fargabar haihuwa ba abin da nake ji. Ga kunya, ko shafa cikin ba na iya yi a gaban surukata. Anya lafiyata ƙalau? Daga wata 'yar'uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙalau kike. Mata da yawa sai sun fara jin motsi, wasu ma sai an miƙo musu jaririn a zani, sannan ƙaunar ke sauka. Kunyar ɗan fari kuwa gadonta muka yi, a fuska take tsayawa.

Shi dai na cikin ya riga ya fara saninki. Daga wajen mako na 24 kunnensa na ɗaukar sauti: bugun zuciyarki, kukan hanjinki, sai muryarki, wadda ke ratsa jikinki ta isa gare shi fiye da ta kowa. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, sun ba jarirai sabbin haihuwa robar tsotso da aka jona da na'ura, yadda jariri ya tsotsa shi ke zaɓar muryar da za a kunna masa. Mafi yawansu ta uwarsu suka nema.

Ba sai a tsakar gida za ki yi ba. Bayan isha'i, in kin shige ɗaki, kwanta ta gefe, ɗora hannu inda yake shuri, ki karanta surorin da kika haddace a bayyane. Cikin 'yan kwanaki za ki gane lokacinsa: wani da an ci tuwo yake tashi, wani sai uwar ta yi shirin barci, kamar da gayya. Ki ja hannun maigida ya ji shi ma.

Sai dai in baƙin ciki ya zauna miki sama da mako 2, ba barci, ba cin abinci, kuka ba dalili, wannan ba kunya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 10 cikin 100 na masu juna biyu na fama da irin wannan damuwa, kuma tana da magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo.

In kuma motsin da kika saba ji ya ragu ko ya tsaya, kada ki jira ranar awo, kada ki ce barci yake. A ranar ki tafi asibiti.