Kaya na raguwa a shago, cefane kuma ba ya isa

Wani mai shagon kayan masarufi a unguwar Kurna da ke nan Kano ya aiko mini da tambaya. Ya ce mutum tara yake ciyarwa, har da mahaifiyarsa da ƙaninsa ɗan makaranta. Shinkafa da taliya da mai da sukari da sabulu duk a shago ake ɗiba, da safe kuma ya zari kuɗin cefane daga ciniki. A da bai ga illar hakan ba, yanzu kuwa kantar shagon sai wayam take yi, ga maiɗakinsa kullum tana cewa abin da yake bayarwa ba ya kaiwa. Shin ya ci bashi ya ƙara jari ne, ko ya matse gida?

Malam, Allah ya yi wa nema albarka. Bashin nan dai ka dakata da shi tukuna, don in ka karɓo shi a halin da kake ciki, hanyar da jarin farko ya bi ita zai bi.

Ba kai ka jawo tsadar ba, wannan kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na duk abin da ake shigowa da shi suka tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A shekarar ne mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a nan Kano saboda tsadar fulawa. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan ya koma naira 71,000, kuma masu irin wannan albashin su ne ke tsayawa a bakin shagonka suna cewa ka rubuta. Wannan duk ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne ƙofa biyu da kuɗi ke fita ba ka gani.

Ta farko gidanka ne. Duk ranar da yaro ya zo ya ce "Baba, an ce a ba da taliya uku da mai", ka miƙa ba ka rubuta ba, uwar kuɗi ka ci, kana zaton riba ce. Ka mai da gidanka kwastoma. Ka sayi littafi ɗaya na gida kaɗai, ko ƙullin gishiri aka ɗauka a rubuta shi da farashin da kake sayar wa kowa, haka ma kuɗin cefanen safe. Ka yi wata guda ba tare da ka rage wa kowa komai ba, kana rubutu kawai. A ƙarshen wata ka haɗa lissafi, ka ajiye shi kusa da ribar shago. Yawancin masu shago a nan suke gane cewa gida na cin fiye da abin da shago ke haifarwa. Daga nan sai ka yanka wa kanka albashi, na mako ya fi sauƙin riƙewa, kuma in ya ƙare ranar Alhamis kada hannu ya koma durowa.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓuya, ita ce sayar da kaya a tsohon farashi. A ce ka saro katan ɗin taliya mai guda 20 a kan naira 16,000, kana sayar da ɗaya 850. Ka tara 17,000, ka ce ka ci ribar dubu. Ka koma kasuwar Singa ka tarar katan ya koma 18,000. Ribar ina take? Sai ka ciko dubu daga wani wuri kafin ka mai da katan ɗin da ka sayar. Ka yi haka a sukari, ka yi a madara, ka yi a man gyaɗa, shi ke nan kanta ta yi wayam ba tare da ɓarawo ya shiga ba. Farashinka ya bi kuɗin da za ka sake saro kaya da shi gobe. Kiran waya ɗaya zuwa ga dilanka da safe ya isa. Amma fa in kaya ya sauka kai ma ka sauko da wuri, ko da tsohon kaya ne a hannunka, don 'yan unguwa ba sa manta mai shagon da ya san hawa bai san sauka ba.

Sai batun tukunya. Ban yarda a fara da rage wa yara abinci ba. A fara da canza inda ake saye da lokacin da ake saye. Kana zaune a garin da kasuwar hatsi ta Dawanau take, ga ta nan kan hanyar Katsina ba nisa da kai, amma kana awon masara kwano-kwano a hannun na uku. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, masara da dawa da gero da wake suka fi araha. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku raba, ko ka shiga adashi ka roƙi a ba ka kwasar lokacin kaka. Wake kuwa kada a bar shi a buhun banza, ƙwari za su riga ku ci. A shanya shi ya bushe sosai, a cika jarka har baki a toshe, ko a nemi buhun nan mai leda biyu a ciki. Hatsin da za ku ci a gida kawai nake nufi. Waɗanda suka tara hatsi don jiran tsada sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗi, kai kuwa ba ka da jarin wannan caca.

Kayan miya ma lokacinsu ne. Da rani, sa'ad da tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwar Yankaba, a sayi kwando a yanka a shanya kauɗa, attaruhu da tattasai ma haka. Farkon damina, da tumatir ya yi tsada, miyar gidanka ba za ta san an yi ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa dama ba sa lalacewa da wuri.

Shinkafa da taliya kullum su ne ke cinye kuɗi, su ne kuma kayan da shagonka ke buƙatar ya sayar. Tuwon masara ko na dawa da dare, ɗanwake ko dambu da rana, awara a madadin nama wasu ranakun, shinkafa ta zama ta Juma'a da wata rana ɗaya ko biyu. Sai dai wannan tsarin ba naka ba ne kai kaɗai. Ka zauna da maiɗakinka, ka nuna mata littafin, ka faɗa mata gaskiyar abin da shago ke samu. Ita ta san kwano nawa ke kai kwana nawa, ita ta san kuɗin niƙa da na gawayi. Ka riƙa ba ta kuɗin mako a dunƙule maimakon na kullum, za ta sayi albasa da manja da ɗan yawa, ta huta da ƙulle-ƙullen da ake cin riba a kansu sau biyu. Hajiya mahaifiyarka kuwa a bar mata abin da cikinta ya saba da shi, kunu da furarta ba su ne suka karya shago ba.

Littafin bashin 'yan unguwa ma ka duba shi. Kuɗin da ya yi wata uku a hannun wani, ranar da ya dawo ba zai sayi kayan da ya fita da su ba. Ka sa wa kowa iyaka, wanda bai biya na baya ba ya dakata, sai dai wanda ka yi niyyar taimaka wa saboda Allah, shi kuma ka cire nasa daga albashinka.

In ka yi wata biyu a haka, ka ƙirga kayan shago a farko da ƙarshe ka ga ba su ragu ba, to a lokacin za a iya maganar ƙarin jari. Shi ma ka fara neman dila a Singa ya ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, kafin ka je wurin masu ba da rance da ruwa.